Kwat ɗin da Na Auna da Ido

Salama alaikum, mutanen gidan nan. Kafin in ci gaba, ke yarinyar da kika rubuto a ƙasan kashin da ya wuce, wai me ya hana ni tura wa Isyaku saƙo in tambaye shi sayiz ɗinsa, Allah ya shirye ki. Wace wayar? A Wudil ta shekarar saba'in da bakwai? Ko da akwai wayar ma, da wane baki budurwa za ta tambayi saurayi faɗin ƙirjinsa? To ku gyara zama, don a kan wannan faɗin ƙirjin aka nemi zubar mini da mutunci a zauren ubana.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Barakatu, a gida ana ce mini Auta, 'yar Malam Ɗantani tela ta unguwar Sabon Gari. Isyaku kuwa malamin gona ne, ɗan Utai, yana zaune a gidan yayarsa Hansai da ke aure a nan cikin gari. Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kansa.

Lokacin kuɗin fetur sun cika ƙasa. Tirelolin siminti ba sa yankewa a kan gadar Wudil, kowane akawu ya sayi babur yana firgita kajin mutane. Isyaku ne kaɗai a ofishinsu ya ƙi saye. A ƙafa yake zuwa zance bayan la'asar, cikin babbar riga ko da zafi na dafa mutum. Nakan tsokane shi in ce, "Malam, rowa ce ko tsoro?" Sai ya yi murmushi ya ɗauko wata maganar.

An riga an kawo gaisuwar iyaye, rana ce ba a sa ba, kwatsam gwamnati ta zaɓe shi cikin waɗanda za a tura Ingila karatun noma na shekara uku. Daga ranar gidanmu ya daina zama lafiya.

"Ko a ɗaura kafin ya hau jirgin nan, ko su zo su kwashe kayansu," in ji Inna, safe da yamma. "Ba zan ajiye ki kina tsufa a ɗaka ba, shi yana can yana shan shayi da Baturiya."

Yaya Hansai kuwa bakinta ɗaya, a bari ya dawo. Kowa ya san fassarar, in ya dawo da digiri 'yar tela ta yi masa kaɗan. Baba shi ne mai yanke magana, amma kullum in Inna ta matsa sai ya ce Allah ya zaɓa mana, ya koma kan keken ɗinkinsa. Ni kuma ina tsakiya, ina son bawan Allan nan kamar in yi hauka, ba damar in faɗa.

Wata yamma Isyaku ya ce, "An gaya mana sanyin can yana kashe mutum a tsaye. An ce kowa ya nemi kwat na ulu mai nauyi. Ran Juma'a zan leƙa wajen 'yan gwanjo."

"Kayan matattun Turawa za ka saka?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba. A raina na ce wallahi in sanyin nan zai taɓa shi, sai ya fara ratsa ɗinkina. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba tausayi ne kaɗai ba. So nake kullum ya zura hannu a cikinsa ya tuna akwai wadda ya bari a Wudil.

Na iya keke tun ina ƙarama, amma da na tambayi Baba yadda ake kwat sai ya girgiza kai. "Auta, wannan ba ɗinkinmu ba ne. Mu riga muke yi, mutum ya shiga ya wala. Kwat bin jiki yake, in kika kuskure da faɗin ɗan yatsa sai ya nuna."

Na koma ɗakina. Na sayar da hulunan da na ɗinka, na sa yayana Ya'u, direban motar Kano, ya sayo mini wani tsohon kwat a gwanjo. Na shimfiɗa tabarma a ɗakina na ɗauki reza na farke shi ɗinki bayan ɗinki. Kai, jama'a, Bature ya iya wahalar da kansa! Ashe a cikin abin nan akwai shafi, a ƙarƙashin shafin akwai wani ƙyalle mai tauri kamar buhu, a kafaɗa kuma an dunƙule auduga an ɗinke. Kowane yanki na ɗora shi a kan takardar buhun siminti na zagaye shi da gawayi na yanke.

Da yadin akoko mai arha na fara gwaji. Na farkon na juya hannuwan, na dama ya koma hagu. Da Ya'u ya saka sai hannayensa suka ja baya kamar an ɗaure ɓarawo, Inna ta yi dariya har da hawaye, ni kuma na shige ɗaki na yi kuka na gaske. Na biyu kwalar ta miƙe tsaye ta ƙi kwanciya. Sai a na uku na fara gane cewa hannun kwat ba a miƙe yake ba, yana da ɗan lanƙwasa zuwa gaba, kuma kan hannun ya fi ramin da za a sa shi faɗi, sai an bi shi a hankali da allura ana tattarowa.

Da Ya'u ya kawo mini yadin ulun daga Kantin Kwari, ruwan toka mai duhu, kwana na yi ina shafa shi ban iya sa almakashi ba. Gwajin guga na farko a gefen yadin na ɗora dutsen guga kai tsaye, wurin ya yi sheƙi, ɗakin ya ɗauki ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Da ƙyar na gano sai an jiƙa ƙyalle an shimfiɗa a kai, tururin ne ke sa ulu ya yi laushi ya bi inda ake so. Baba bai taɓa leƙowa ba, bai taɓa tambaya ba. Amma wata safiya na tarar da babban almakashinsa a bakin ƙofata, an wasa shi, da guntun alli a gefe.

Saura awo. Nan ne gizon yake saƙa, don tsakanina da Isyaku kullum akwai tazarar tabarma guda.

To ga yadda na yi. Yana da wurin da yake jingina a bangon zaure, kusa da wata tsaga. Ina sunkuye kamar mai kunya, amma idona na kan bangon. Yana tafiya sai in ɗauko gawayi in ja layi inda kafaɗarsa ta tsaya nan, inda ta tsaya can, inda wuyansa ya kai. Tsawon hannu na samu ranar da ya tsaya a bakin ƙofa yana sallama da Baba, hannunsa na dama a sake, na ga daidai inda wuyan hannun ya faɗa a jikin ƙyauren. Bayansa kuwa, Allah ya yafe mini, ranar da ruwan sama ya dake shi rigar ta manne masa, ya juya zai tafi, na kalla. Na kalla sosai.

Daga bango na kwashe awon da zare, daga zare zuwa takarda, daga takarda zuwa ulu. Yatsuna duk suka huje. Ramukan maɓallai kaɗai sun ci mini kwanaki, don da hannu na bi su. Ran Talata na gama, na goge shi, na naɗe a sabon zane na ba Ya'u ya kai masa. Jirginsu ran Lahadi zai tashi.

Laraba da hantsi ina wanke-wanke Yaya Hansai ta faɗo gidan, ko sallamar kirki babu. Kwat ɗin na saɓe a kafaɗarta. Ta jefa shi kan tabarmar da Inna ke tsince shinkafa.

"Innar Barakatu, tambaya na zo yi. Wa ya ɗinka wannan?"

"Auta ce," Inna ta ce, har da ɗan ɗaga kai.

"Madalla. Wa ya auna shi?"

Inna ta juyo ta dube ni. Kwanon da ke hannuna ya sulluɓe cikin ruwa.

"Jiya ya saka a gabana," in ji Hansai, tana ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Wallahi kamar da shi aka haife shi. Kafaɗa, wuya, ƙirji, har kwarin bayansa. Ni na raini yaron nan, ni na yi masa wanka, ban san jikinsa haka ba. Telan Kano ma sai ya zagaya mutum da tef, ya rungume shi, kafin ya fitar da irin wannan. To 'yarku a ina ta rungume shi?"

Innalillahi. Na ga kawunan mata sun fara ɓullowa ta saman katanga.

"Auta," in ji Inna, "ɗago ki dube ni."

"Wallahi Inna ko gefen rigarsa ban taɓa taɓawa ba. Da ido na auna. Zanen yana nan a bangon zaure, ku zo ku gani!"

Na ruga, suka biyo ni. Sai da na taka bakin zauren na tuna. Bango fari fat, daga sama har ƙasa. Ran Litinin Inna ta sa aka shafe shi da farar ƙasa saboda baƙin da za su zo bankwana, kuma ni da hannuna na dama mata farar ƙasar a bokiti, hankalina na kan ramukan maɓallai.

"Ina zanen?" in ji Hansai. "Ko shi ma da ido ake ganinsa?"

Hayaniyar ta fito da Baba daga shagonsa da ke jikin zauren, tef rataye a wuyansa. Ya karɓi kwat ɗin ya juya cikinsa waje, ya bi shafin da yatsa, ya matsa kafaɗar, ya ɗaga kwalar ya sake ta ta kwanta da kanta. Na ga fuskarsa ta yi haske, sannan na ga hasken ya mutu.

"Auta, tun ba a haife ki ba nake ɗinki. Riga ana yanka ta da ido. Wannan kuwa ban taɓa ganin wanda ya yi shi da ido ba."

"Baba, har da kai?"

"Ban ce kin yi ba. Amma ba ni da abin da zan kare ki da shi."

Duk zagin Hansai bai yi mini ciwon wannan maganar ba. Wato kyan aikina ne ya zama shaida a kaina. Da na yi shi a karkace kamar na Ya'u, da yanzu dariya ake yi.

"Yau ɗin nan zan tafi Utai in gaya wa baffanninsa," in ji Hansai. "Yarinyar da ta san wannan tun a waje, ba da mu ba."

"Ba inda za ki sai yaron ya zo," Baba ya ce, ya tura Ya'u ofishin gona.

Zaman jiran nan ba zan manta da shi ba. Ina durƙushe a lungun zaure, Inna a bakin ƙofar cikin gida tana jan carbi da ƙarfi, Hansai tana karkaɗa ƙafa. In maganar nan ta fita a haka, ba auren Isyaku kaɗai na rasa ba. A Wudil ko mai tallan gishiri ba zai ƙara yin sallama da ni ba.

Isyaku ya shigo yana haki, ya cire takalmi ya durƙusa a gaban Baba.

"Isyaku, tsakaninka da Allah, yarinyar nan ta taɓa auna ka?"

"Wallahi Baba ko kusa da ni ba ta taɓa matsowa ba."

"Da ma me zai ce?" Hansai ta katse shi. "Ya saka mana a gani! Ido ba ya ƙarya."

Ya ɗago ya dube ta. "Yaya, kin tabbata?"

"Saka, na ce!"

Ya miƙe ya juya mana baya, ya fuskanci bango. Cikin wata irin dabara mai sauri ya zame babbar rigar ya zura kwat ɗin, ya ɓalla maɓallan da hannun dama, ya cusa na hagu a aljihu. Sannan ya juyo.

Ku yafe mini, a cikin wannan tashin hankalin ma sai da zuciyata ta buga. Ya yi kyau. Kafaɗun sun zauna, kwalar ta kwanta luf a wuyansa, ko tattara ɗaya babu a ƙirjin. Inna ta saki wani ɗan sauti ta rufe fuska da mayafi. Baba ya sunkuyar da kai.

"To kun gani," in ji Hansai.

"Baba," Isyaku ya ce a hankali, "ba ku gama gani ba."

Nan take fuskar Hansai ta canza. Ta yunƙura. "Kai! Isyaku! Kar ka soma!"

Ya zare hannun hagun daga aljihu, ya saki hannayen biyu a gefensa.

Na dama, bakin hannun kwat ɗin ya tsaya cif a wuyan hannunsa. Na hagu kuwa yana reto, babu komai a ƙarshensa. Ko kan yatsunsa ba a gani.



Ya naɗe hannun kwat ɗin sama da kansa. Hannu ne sosai, yatsu biyar, amma siriri, kuma ya gaza ɗan'uwansa da kusan taƙi guda.

"Ina yaro na faɗo daga kan kuka a Utai," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ɗorin bai yi daidai ba, hannun ya ƙi girma tare da ɗayan. Duk wanda ya taɓa sa mini tef sau ɗaya ya san wannan. Ita ba ta sani ba."

Baba ya matso, ya kama hannayen kwat ɗin biyu ya auna su da tef ɗinsa. Ya sake aunawa.

"Tsawonsu ɗaya. A ninke ta yanka su, ta ga na dama ta fitar da biyu." Ya dube ni. "Astagfirullah. Auta, ki yafe mini."

Kun san mu, da dama ake gaisawa, da dama ake ci, da dama ake miƙa abu. Wa yake bin hannun hagun mutum da kallo, balle yana cikin babbar riga? Sai a lokacin komai ya dawo mini. Rigar nan da ba ya rabuwa da ita a cikin zafi. Babur ɗin da ya ƙi saye. Ni kuma na zauna ina ce masa rowa ce ko tsoro, yana murmushi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta yaye mayafinta. "Au! Ashe ku ne masu ɓoye-ɓoyen! Kuka zo neman aure da wannan a cikin riga, ba wanda ya buɗe baki, sannan ki shigo mini gida ki ɓata mini 'ya a gaban maƙwabta?"

Na zaci Hansai za ta rama. Sai kawai ta zube a ƙasa ta fashe da kuka.

"Ba ku san abin da yaron nan ya sha ba. Sunan da yara suka sa masa a Utai, har yau ba na iya faɗa. Na rantse ba wanda zai ƙara yi masa dariya ina raye. Na ce gara ya tafi da mutuncinsa, da a ɗaura aure yarinya ta gani ta raina shi, gari ya ɗauka."

"Ya isa, Yaya," in ji Isyaku. Ya koma ya durƙusa, har yanzu bai kalli inda nake ba. "Baba, na ɓoye, laifina ne. Kullum ina cewa gobe zan faɗa mata, in na zo sai in kasa. In an fasa ban ga laifin kowa ba. Amma kar a ce ta yi abin da ba ta yi ba."

Baba ya dube shi. Sannan ya juyo wajena.

"Auta, kin gani da idonki. Ba wanda zai matsa miki. Me kika ce?"

Haushi nake ji, ba zan ɓoye ba. Shekara guda yana zuwa zance bai yarda da ni ba. Amma mutumin da ya ɓoye abu tun yana yaro, yau ya buɗe shi a gaban surukai, a gaban matan da ke leƙe ta ƙofa, don kawai a wanke ni. Yana durƙushe, hannun kwat ɗin ya sake zamewa ya rufe masa yatsu, gumi na bin wuyansa saboda ulu a zafin Wudil. Har yau ban san inda na samo bakin ba.

"Baba, hannun hagun nan yana son gyara."

"Sai a rage shi."

"Ni ba zan ƙara yanka da ido ba, na ga abin da ido ya jawo mini. Sai na sa tef na auna shi da hannuna." Na ƙara sunkuyar da kai. "Kuma ka san ba zan taɓa shi ba sai an ɗaura."

"La'ilaha illallahu, yarinyar nan!" Inna ta dafe baki.

Sai a lokacin Isyaku ya ɗago ya dube ni, idanunsa jajur.

Baba ya zare tef ɗin daga wuyansa. Na zaci ni zai miƙa wa. Ya naɗe shi a hankali ya sa a aljihunsa, ya juya wajen Hansai.

"Jirgin ran Lahadi ne, ko? To ki tafi Utai ɗin da kika ce. Ki gaya wa baffanninsa ina jiransu Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Tef ɗin yana wurina har su zo."

Hansai ta share fuska da gefen mayafi ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya ta dubi ƙanenta, ta dube ni. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, ta sa takalminta ta fita.

Isyaku ya cire kwat ɗin, wannan karon bai juya wa kowa baya ba. Ya ninke shi ya ajiye a kan tabarmar da ke tsakaninmu, ya mayar da rigarsa ya bi bayan yayarsa da sauri.

Na ɗauki kwat ɗin na shiga ɗaki, da ɗumin jikinsa a ciki. Na shimfiɗa hannun hagun a kan cinyata, na ɗora almakashin Baba a kai. Inna ta leƙo ta ce, "In ba su zo ba fa?"

"Sai ya tafi Ingila da shi a haka," na ce. Kuma ban yanka ba.